Dodon koɗi a tankin kifin ado: me ke haifar da shi, yaya ake shawo kansa

Da wuya mai kiwon kifin ado ya shekara da tankin gilashi, musamman in ya sa tsirrai masu rai a ciki, bai wayi gari ya ga dodon koɗi ba. Da farko guda ɗaya ne, ɗan mitsitsi, bai fi ƙwayar dawa ba, yana tafiyarsa a jikin gilashi. Ba wanda ya saye shi, ba wanda ya ga shigarsa. Kafin wata biyu, in aka kunna fitila da asuba, sai a tarar sun lulluɓe gilashi da ganyaye da bakin matatar ruwa. Daga nan tambaya ɗaya ce a bakin kowa: wane magani zan zuba su mutu?

A ganina wannan tambayar ta fi dodon koɗin kansa kashe kifi. Yawansu alama ce ta abin da ke taruwa a ƙasan tankin, kuma wanda ya zuba guba bai taɓa tushen ba, ya dai ƙara wa ruwansa gawarwaki. Amma kafin a kai ga wannan, sai an san da wa ake faɗa, don ba iri ɗaya ba ne.

Su wane ne

Iri uku ne suka fi addabar tankuna. Na farko shi ne wanda masana ke kira Physa acuta, ƙarami mai siririn ƙoƙo mai sheƙi, ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, da wuya ya wuce santimita ɗaya da rabi. Ya fi 'yan uwansa sauri, har yakan yi rigingine yana tafiya a saman ruwa ta ciki. In ka riƙe shi tsininsa na kallon sama, bakin ƙoƙon na fuskantarka, za ka ga bakin a hannun hagu yake. Ka riƙe wannan alamar, za mu dawo kanta. Asalinsa Arewacin Amurka ne, ko da yake a Faransa aka fara rubuta bayaninsa a 1805, yau kuwa ya game duniya. Kowane ɗaya mata-maza ne, in bai sami abokin barbara ba yana iya yi wa kansa, saboda haka guda ɗaya tak ya isa ya cika tanki. Ƙwansa a dunƙule yake cikin wani abu mai yauƙi, garai-garai, manne a bayan ganye ko a gilashi, kowane dunƙule da ƙwai goma zuwa arba'in. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sun ƙyanƙyashe, bayan wata guda ko ɗaya da rabi su ma sun fara zuba nasu.

Na biyu shi ne mai ƙoƙo a naɗe irin na ƙahon rago, daga dangin Planorbidae. Wasunsu jikinsu ja ne, domin jininsu na ɗauke da irin sinadarin da ke sa jinin mutum ja, wanda ke ba su damar jure ruwa mai ƙarancin iska. Su ma mata-maza ne. Ƙwansu a shimfiɗe yake, ya fi na Physa tauri, sai an kankare shi yake fita.

Na uku, Melanoides tuberculata, dogo ne mai tsini, santimita biyu zuwa uku, ƙoƙonsa da ƙarfi. 'Yan kasuwar kifin ado sun laƙaba masa sunan ƙasar Malesiya, amma ɗan gida ne a Afirka da kudancin Asiya, yana nan cikin koguna da tafkunanmu. Ba ya zuba ƙwai a waje. Macen tana haihuwar 'ya'ya da ransu, kuma ba ta buƙatar namiji ko kaɗan. Da rana yana binne a cikin yashi, da dare ya fito kiwo, shi ya sa mutum zai rantse tankinsa ba su fi ashirin ba alhali ɗaruruwa ne a ƙasa. Yana kuma da ɗan murfi da yake toshe bakin ƙoƙonsa da shi in ruwa ya ɓaci, da haka yake tsallake magungunan da ke kashe sauran.

Akwai wani na huɗu da ba ya kai su yawa, dangin Lymnaea, mai baki a hannun dama da gajerun ƙahonni masu faɗi. Shi ne wanda yakan ci ganye mai taushi da ransa. A fadamu, danginsa ne ke ɗauke da tsutsar da ke lalata hantar shanu da tumaki.

Shigarsu tanki ba wani abin mamaki ba ne. Mafi yawa a jikin tsirrai suke zuwa, a matsayin ƙwai da ido ba ya kamawa sai an juya ganyen a haske. Sauran kuma a ruwan ledar da aka kawo sabon kifi, ko tsakuwa da itacen da aka ciro daga wani tanki, ko ragar kamu da aka ara.

Abin da ke ciyar da su

Shiga daban, yaɗuwa daban. Tankuna biyu za su karɓi tsirrai daga hannun mai sayarwa ɗaya rana ɗaya, a wannan a ƙare da dodon koɗi goma sha wani abu, a wancan a rasa inda za a sa ido. Bambancin abinci ne. Jikin dodon koɗi da abinci ake gina shi, ƙwansa ma haka. Ɗari uku ba za su rayu a kan ruwa zalla ba. A tankin da ba a barin saura, ƙwai na ƙyanƙyashewa kamar ko'ina, amma yawancin 'ya'yan yunwa ke kashe su tun ba a gan su ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Daga ina abincin ke zuwa? Na farko, abin da kifi bai cinye ba ya nutse tsakanin tsakuwa. A gidajenmu wannan ya fi yawa saboda dalilai biyu. Ɗaya, tanki a falo yake, kowa ya wuce sai ya yafa musu: maigida da safe, yara in sun dawo makaranta, baƙo ma don ya ga sun taso. Kowa na ganin ɗan kaɗan ya sa. Biyu, da yawa suna ba kifin ado abincin tarwada, don shi ne mai araha kuma shi ake samu ko'ina. Wannan abincin an yi shi ne don kifin da ake so ya yi nauyi cikin wata huɗu zuwa shida, furotin ɗinsa kan kai kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari, ƙwayarsa kuma ta fi ƙarfin bakin ƙananan kifaye. Sai su ɗan tsattsaga, sauran ya jiƙe ya faɗi ƙasa. Bayan wannan akwai kashin kifin kansa, da ganyen da ya ruɓe, da gansakukar da ke tsirowa in tanki na kusa da taga ko fitila na kwana a kunne, wani lokaci kuma da mataccen kifi da ya maƙale bayan dutse ba a sani ba.

Zafi na ƙara wa abin gudu. Dodon koɗi ba ya ɗumama jikinsa, zafin ruwa ne ke tafiyar da shi, saboda haka ƙwan da zai yi mako biyu a ruwa mai sanyi yana iya fashewa cikin mako ɗaya a ruwan bazara. Ruwan rijiya ko burtsatse mai yawan sinadarin kalsiyam shi ma yana taimaka musu, don da shi suke gina ƙoƙo. A ruwa mai ɗan tsami ƙoƙon kan zaizaye ya yi fari. Kada wannan ya sa wani ya ce bari ya tsamama ruwansa da gangan. Kifi ya fi dodon koɗi jin jiki in ana juya masa ruwa.

To shin ma suna ɓarna? Gaskiya kaɗan ce. Physa da mai ƙahon rago da Melanoides ba su cika taɓa lafiyayyen ganye ba. In ka gan su a kan ganye mai huji, yawanci ganyen ya riga ya fara mutuwa ne suka zo kwasa. Suna share gansakuka, suna cinye saura kafin ya ruɓe, Melanoides kuma yana motsa yashi kada ya danƙare ya yi wari. Har gargaɗi yake bayarwa: ranar da ka ga sun fito daga yashi da rana tsaka suna hawa gilashi gaba ɗaya, iska ta yi ƙaranci ko ruwa ya ɓaci, ka duba tun kifi bai fara haki ba. Inda suke cutarwa shi ne tankin da ake son kifi ya hayayyafa, don suna cin ƙwan kifi, sai kuma in ƙananan suka shige injin matata suka tsayar da shi. Ga kuma muni, wanda shi ma dalili ne, tunda don kallo aka ajiye tankin.

Wanda ya zo daga kududdufi

Nan ne maganar ta bambanta tsakanin mai tanki a Jamus da mai tanki a Kano ko Maraɗi, kuma nan ne na fi so a tsaya a saurara. Tsirran ruwa na shago suna da tsada, ba kuma ko'ina ake samu ba, sai mutum ya ga kainuwa ko bado a kududdufi ko bakin dam ya ɗebo, ya haɗa da yashin gulbi. Dodon koɗin da ke biyo waɗannan yana iya zama Bulinus ko Biomphalaria, su ne kuwa masu ɗauke da tsargiya. Bulinus ke riƙe da mai sa fitsarin jini, Biomphalaria kuma mai kama hanji da hanta. Nijeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta, kuma an san ta sosai a wuraren noman rani irin Kadawa da Bakolori, da yankin Tafkin Chadi, da gonakin shinkafar bakin Kogin Kwara a Nijar, da gaɓar Tafkin Volta a Gana.

Abin damuwar shi ne kama. Bulinus ƙarami ne, bakinsa a hagu, daidai da Physa. Biomphalaria a naɗe yake kamar mai ƙahon rago, don dangi ɗaya ne. Ma'aikatan lafiya ma sai an horar da su suke rarrabewa, balle mai tanki a falo.

Sanin yadda cutar ke zagayawa shi ke nuna inda haɗari yake da inda babu. Ƙwan tsutsar da ke haddasa ta na fita ne a fitsari ko bayan gidan mai cutar, ya fashe a ruwa, 'yar tsutsar ta nemi dodon koɗin da ya dace da ita cikin 'yan sa'o'i. A jikinsa take ninkuwa, bayan mako huɗu zuwa shida dubban ƙananan tsutsotsi su fara fitowa, galibi da rana tsaka, su huda fatar duk wanda ya taɓa ruwan, ko da babu rauni a jikinsa. Ba ta bi ta ƙwan dodon koɗi zuwa 'ya'yansa. Ke nan wanda aka ƙyanƙyashe a tanki, ko da Bulinus ne, ba shi da komai, tunda ba mai yin fitsari a tankin. Amma wanda aka ɗebo babba daga kududdufi yana iya zuwa da kayansa, ya yi makonni yana zuba su a ruwan da kake tsoma hannu, yara ma suna tsomawa.

Don haka a nan babu zancen ragewa ko zama lafiya da su. Duk dodon koɗin da ya zo daga ruwan waje a cire shi da cokali ko hantsaki, a kashe. Tsirran a keɓe su a bokiti, a taɓa su da safar hannu ta roba. Tsutsar da ta riga ta fito ruwa ba ta wuce kamar kwana biyu da ƙarfinta, muddin babu dodon koɗin da ke ƙaro wasu. Yashin gulbi kuwa shanya shi a rana ba ta wadatar ba, domin Bulinus na iya binne kansa a busasshen taɓo ya yi watanni, shi ya sa kududdufin da ya ƙafe ƙaf da rani yake cika da su da ruwan farko. A tafasa yashin a tukunya. Wanda kuma ya taɓa irin wannan ruwa ya ji ƙaiƙayi, ko daga baya ya ga jini a ƙarshen fitsari, ya je asibiti. Maganin praziquantel na warkar da ita.

Rage su

Ga waɗanda suka zo ta hanyar shago, aikin daga gwangwanin abinci yake farawa. Mutum ɗaya a gida ya riƙe ciyarwa, gwangwanin ya bar kusa da tanki. A ba kifi abin da zai cinye cikin kamar minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, a tsaya a gani da ido cewa babu abin da ya kai ƙasa ya zauna. In abincin tarwada ne kaɗai ke akwai, a daka shi daidai bakin kifin. Baligin kifi mai lafiya ba abin da zai same shi in an hana shi abinci rana ɗaya a mako. 'Ya'yan kifi ne kawai ba a yi wa haka.

Sai tsotse ƙasa. Kowane mako, in za a canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, kada a kwasa daga sama da kofi. A sa tiyo a riƙa cusa bakinsa cikin tsakuwa, a ga baƙin ruwan da zai fito. Wannan dattin shi ne rumbun dodon koɗi. A tsinke ganyen da ya yi rawaya, a rage fitila zuwa awa shida zuwa takwas, a janye tanki daga hasken taga.

Wani abu da ke karya wa mutane gwiwa shi ne, a makonnin farko sai a ga kamar sun ƙaru. Yunwa ce ta fito da su daga maɓoya suna neman abinci a gilashi. Wannan ne ma lokacin tarko. A tsoma yankan kokwamba ko ganyen kabeji ko latas a tafasasshen ruwa na minti ɗaya, a soke shi da cokali mai yatsu don ya nutse, a sa bayan an kashe fitila. Da asuba, kafin haske ya kore su, a ɗaga shi da duk abin da ke kai. In kifin na rigayarsu cinyewa, a yanke robar ruwan sha a juya bakinta ciki, a sa abincin a ciki, a tabbata ƙofar ta yi wa kifi ƙanƙanta kada ya shiga ya maƙale. Kada kokwamba ta wuce dare ɗaya, a zafinmu nan da nan take ruɓewa. A maimaita kullum na tsawon mako biyu ko uku, ana haɗawa da kankare ƙwai daga gilashi da tsohon katin roba. Wasu na murƙushe ƙananan a jikin gilashi kifi ya cinye, ba laifi in kaɗan ne, amma da bayan cokali, kada da yatsa. Ƙoƙon Melanoides na yanka, kuma ruwan tanki na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira Mycobacterium marinum, wadda ke shiga ta rauni ta sa gyambo mai wuyar warkewa.

Wata ɗaya zuwa biyu ake yi kafin a ga bambanci sosai. Ba za su ƙare ƙurmus ba, amma za su koma 'yan kaɗan da ba sa damun kowa.

Masu cin su

Shawarar da aka fi saurin bayarwa ita ce a sayo kifin da ke cin dodon koɗi. Ina ɗari-ɗari da ita, don sau da yawa sai a magance matsalar wata biyu a ɗauko ta shekara ashirin. Misali kifin nan mai ratsin baƙi da ruwan lemo daga Sumatra da Borneo, Chromobotia macracanthus. A shago bai fi ɗan yatsa ba, amma yana iya kai santimita 30, yana haura shekara ashirin, kuma ba ya zama shi kaɗai sai cikin garke. Tankin lita sittin kurkuku ne a gare shi. 'Yan uwansa ƙanana irin Botia striata sun fi dacewa, su ma sai biyar ko shida tare. Ɗan ƙaramin kifin nan mai kumbura daga jihar Kerala ta Indiya, wanda bai fi santimita uku da rabi ba, gwani ne wajen farautarsu, sai dai yana gutsurar jelar maƙwabtansa. Babban wansa kuwa mun san shi, talibambam na Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi. Haƙoransa ba sa daina tsiro, sai da abu mai tauri yake dasashe su, har masu kiwonsa kan buɗe wani tanki daban don su haifa masa dodon koɗi. Amma yana kai santimita 40, kuma duk kifin da aka haɗa shi da shi ya zama nama.

Wanda ya fi dacewa da ƙaramin tanki shi ne wani dodon koɗin mai cin 'yan uwansa, Anentome helena, daga kudu maso gabashin Asiya, mai ratsin rawaya da baƙi. Shi akwai mace akwai namiji, ƙwai ɗaya-ɗaya yake ajiyewa, don haka ba ya zama annoba da wuri. Aikinsa a hankali ne, kuma ba ya bambanta na banza da na adon da ka saya da kuɗinka.

Dukansu suna da aibi ɗaya: in akwai abinci mai sauƙi, ba sa wahalar da kansu. An ga haka a fili a arewacin Kamaru, inda aka gwada wani kifin gabashin Afirka, Astatoreochromis alluaudi, don ya rage dodon koɗin tsargiya. A tafkinsu na asali haƙoran maƙogwaronsa na da ƙarfin fasa ƙoƙo, amma waɗanda aka raina a kan abinci mai taushi ba su gina wannan ƙarfin ba, suka ci gaba da cin abin da ya fi sauƙi. Gwajin bai ba da abin da aka sa rai ba. A tankin da ake ɗura abinci ma haka za ta faru.

Maganar guba

Yawancin ruwan maganin da ake sayarwa don kashe dodon koɗi sinadarin jan ƙarfe ne a ciki. Yana kashewa, babu musu. Amma tazarar da ke tsakanin abin da zai kashe dodon koɗi da abin da zai kashe kifi ƙarama ce, tana kuma ƙara tsukewa a ruwa mara kalsiyam. Masana kiwon kifi na hana amfani da shi in ma'aunin alkali na ruwa, wato ƙarfinsa na danne tsami, bai kai miligiram 50 a lita ba, mu kuwa nawa ne ke da abin aunawa a gida? Kifaye marasa ɓawo irin kurungu da tarwada sun fi saurin faɗuwa, jatan lande kuwa ba ya kai labari. Sinadarin yana kuma maƙalewa a tsakuwa da itace ya riƙa fitowa daga baya.

Ko da kifin ya tsallake gubar, akwai abin da ke biyo baya. Ɗaruruwan dodon koɗi sun mutu dare ɗaya, da yawa a binne inda hannu ba ya kai. Ruɓewarsu na sakin amoniya, mai ƙona matsefin numfashin kifi, tana kuma shanye iskar ruwan. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a matata, masu mayar da amoniya abu mara illa, ba za su iya da wannan lodi ba, wasu ma gubar ta taɓa su. Ruwan ɗumi dama bai riƙe iska sosai: lita ɗaya na ɗaukar kusan miligiram 9 a zafin digiri 20, amma kamar 7 da rabi a digiri 30. A ce kuma cikin daren aka ɗauke wuta, injin iska ya tsaya. Garin gyaran gira an rasa ido. Bayan mako biyu, ƙwan da gubar ba ta ratsa ba ya fashe, Melanoides ya buɗe murfinsa, suka tarar da abinci ya ma fi na da.

Gishiri, wanda masu kiwon tarwada suka saba da shi, ba mafita ba ne. Kafin ya kai yawan da zai kashe su tsirrai sun mutu, Melanoides kuma yana jure ruwa mai gishiri ƙwarai. Magungunan gargajiya ma haka. Tun 1933 aka rubuta a Sudan cewa 'ya'yan aduwa na kashe dodon koɗin tsargiya, a 1964 kuma masanin Habasha Aklilu Lemma ya lura da matattun dodon koɗi a ƙasan inda mata ke wanki da 'ya'yan wani tsiro mai suna endod. Duka gaskiya ne, amma sinadarin kumfar da ke cikinsu yana kashe kifi shi ma. Hatta niclosamide, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi don yaƙi da tsargiya, yana kashe kifi, kuma in aka daina zubawa dodon koɗi na dawowa.

Wanda ya ce lallai sai tankinsa ya zama babu ko ɗaya, kamar mai son kifi ya yi ƙwai, hanyarsa ita ce rushewa a sake gini. A kwashe kifi zuwa wani mazubi mai injin iska, a tafasa tsakuwa ko a canja ta, a wanke tanki da bilic mai ruwa-ruwa, a ɗauraye sosai a shanya. Kada a zuba tafasasshen ruwa a gilashi, zai tsage. Soson matata ma yana ɓoye ƙwai, in kuwa aka canja shi an rasa ƙwayoyin halittar da ke tace amoniya, sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin su dawo, ana ciyarwa kaɗan-kaɗan ana yawan canja ruwa.

Tsare ƙofa ya fi wannan duka sauƙi. Sabon kifi a kamo shi da raga daga leda, ruwan ledar a zubar. Sabbin tsirrai a jiƙa su a ruwan alif, irin wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, cokalin cin abinci ɗaya a lita huɗu, kwana biyu zuwa uku, sannan a ɗauraye. Masu tauri irin Anubias, wanda asalinsa ma dazuzzukan Afirka ta Yamma ne har da kudancin Nijeriya da Kamaru, suna jure bilic mara ƙamshi, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma sha tara, kada ya wuce minti biyu, a wanke da maganin cire kulorin. Masu laushi narkewa suke yi a bilic. Kada a taɓa haɗa bilic da wani sinadari. Tunda ba kowane ƙwai jiƙon ke kashewa ba, a bar tsirran a bokiti mai haske mako uku zuwa huɗu, duk abin da ya ƙyanƙyashe a tsince.

Inda ake zubar da su

Waɗanda aka kama a murƙushe su ko a zuba musu tafasasshen ruwa kafin a jefa a shara. Kada a watsa su da ransu a kwata ko lambatu, haka ma ruwan da aka tsotso daga tsakuwa a zuba shi a gindin shuka inda zai bushe. Kwata na kaiwa rafi, kuma mun ga guda ɗaya ya isa ya kafa zuriya.

Wanda ya fi ba ni tsoro a nan shi ne babban dodon koɗin ado na dangin Pomacea, mai girman lemon tsami ko fiye, wanda ake sayarwa saboda launinsa na zinare. Daga Kudancin Amurka yake. An kai nau'insa mai suna Pomacea canaliculata Taiwan wajen 1980 don a ci, ya tsere zuwa gonaki, ya zama babbar annobar shinkafa a Filifin da sauran ƙasashen yankin, yana cinye dashe tun yana ƙarami. Tarayyar Turai ta haramta shigo da dangin gaba ɗaya a 2012 bayan ɗan uwansa ya ɓulla a gonakin shinkafar bakin Kogin Ebro na Sifaniya. A 2020 aka tabbatar da shi a Mwea, babbar cibiyar noman shinkafa ta Kenya. Nau'in da ke cin shuka da wanda ba ya ci sun yi kama sosai, mai sayarwa ma ba lallai ya rarrabe ba. Alamarsu ita ce ƙwai a dunƙule, ruwan hoda, manne sama da inda ruwa ya tsaya, a jikin murfin tanki ko bangon gilashi. Mai tanki ya ɓamɓare shi ya murƙushe tun bai fashe ba. Wanda kuma ya ga irinsa a karan shinkafa ko bangon magudanar noman rani, ya kai wa malamin gona labari ranar.